Ranar da Na Sa Ƙanwa Ta Mari Yayanta

Na haura shekara ashirin ina koyarwa a firamare, yaran da suka bi ta hannuna ban san iyakarsu ba, da yawa ma in sun tare ni a kasuwa suna "Malam, Malam" sai dai in yi murmushi in amsa, don wallahi ban gane su ba. Amma akwai wata safiyar Talata da har ƙasa ta rufe min ido ba zan manta da ita ba. Ba zan faɗi sunan kowa ba, don masu abin suna nan da ransu, kuma ni ne mai laifin, ba su ba.

A wata makaranta ce ta ƙauye a yankin Madadi, cikin ƙasar Gwarzo. Lokacin ina saurayi, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kaina sai rawa yake, ji nake duk yankin babu wanda ya kai ni sanin aiki. Zamani ne na matsi. Kananzir ma sai an yi layi, balle a ce gwamnati ta tuna da makarantar ƙauye. Ajina na uku rabin kwanon rufinsa iska ta yaye tun damina biyu da suka wuce, yara a ƙasa suke zama, mai gata shi ne wanda ya zo da buhu. Allon in ya koɗe, tsohon batir muke fasawa mu kwaɓa baƙin da ganye mu shafe shi. In alli ya ƙare, busasshen rogo muke rubutu da shi. Littattafan karatun Hausa na ajin gaba ɗaya ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

To yaya ake karatun? Ni in karanta da ƙarfi, su maimaita da ƙarfi. In ajinka yana amsawa har ana jiyowa daga bakin rijiya, shi ke nan kai ne gwanin malami. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, cikin masu ihun nan nawa ne idonsu ke kan harafi, nawa ne kuma bakinsu kawai ke bin na kusa da su.

Sai kuma wata al'ada da muka tarar, mu ma da ita aka rene mu. In malam ya yi tambaya wani ya faɗi, sai ya tsaya a tsaye. A yi ta zagayawa har a samu wanda ya ci, shi kuma ladansa ya bi waɗanda suka faɗi ya mare su ɗaya bayan ɗaya. In kuwa ya yi sanyin hannu saboda tausayi ko abota, malam zai ce, "Zo in nuna maka yadda ake yi," a kuncinsa. Mun ɗauka wannan shi ke sa yara zuciya. Ni kaina na sha mari a haka, na kuma mari wasu, ina alfahari.

A ajin nan akwai wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, wa da ƙanwa. Shi yayan ya kai shekara goma sha biyu, dogo ne, shiru-shiru, ya fi kowa tsawo a ajin. Kiwon awaki ne ya riƙe shi bai shiga makaranta da wuri ba, sai da ƙanwar ta isa sannan uban ya haɗa su tare, don ya riƙa rako ta. Ita ba ta fi tara ba, 'yar firit, amma kai kamar me! Abu sau ɗaya ake faɗa mata. Kullum a kan buhu ɗaya suke zama, a jikin bango, ita a gefensa na hagu. In na nuna shi ya karanta, yakan ɗan yi jim, ya ja kalma a hankali, amma yana fita. Ban taɓa sa shi cikin daƙiƙai ba, ban kuma sa shi cikin masu ƙoƙari ba. Gaskiya ma ban cika lura da shi ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, hedimastanmu ya dawo daga wani taro a Gwarzo ya tara mu ya ce daga yau a raba zama, maza ɓangare ɗaya, mata ɓangare ɗaya, a bar hanya a tsakiya. Duk muka yi na'am, ni har da kabbara. Har gobe ba ni da ja a kan wannan. Ranar Litinin na raba ajina da hannuna. Na ga lokacin da yaron ya ɗaga buhun ya miƙa wa ƙanwar, shi ya koma ya zauna a ƙasa cikin maza. Na ga ya waiwaya ya dube ta sau biyu. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari Talata na rubuta jimla a allo: Inna ta share ɗaki. Na ce yau ba ihu, ɗaya-ɗaya za a karanta. Na nuna shi da sandata, don shi ne ya fi tsawo, idona a kansa ya fara sauka.

Ya miƙe. Ya ce, "In... na. Inna. Ta. Sha... share." Sai ya tsaya. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi alhali safiya ce. Idonsa ya bar allo ya tafi ɓangaren mata. Na bi idon nasa da kallo, sai na ga ƙanwar ta kai hannu baya tana bubbuga gadon bayanta, sannan ta taɓa kanta. Na daka mata tsawa na ce, "Ke! Ƙwarƙwata ce ke cizonki? Zauna daidai!" Yara suka yi dariya, ta sauke hannu ta sunkuyar da kai.

Na ce masa, "Muna jinka."

Ya ce, "Baki."

Kai, ajin ya fashe! "Inna ta share baki! Inna ta share baki!" Har da masu birgima a ƙasa. Ni ma, Allah ya yafe min, sai da na dara. Na ce bari in ba shi dama ta biyu, na rubuta kalma ɗaya tak, dawa, abin da ubansa ke nomawa, abin da ya ci jiya da daddare. Ya ƙura mata ido kamar zai huda allon, ya ce, "Bawa." Nan raina ya ɓaci. Na ɗauka iskanci ne, wai yaron da ke karatu makon jiya yau zai raina min hankali a gaban yara.

Na ce ya tsaya a tsaye. Na ce, "Wa zai karanta?" Babu wanda ya ɗaga hannu, don yawancin masu dariyar su ma ba iyawa suka yi ba. Sai na nuna wadda na san ba ta faɗuwa. Ta miƙe ta karanta duka biyun daidai. Yarinya ce, ba ta yi tunanin abin da zai biyo baya ba sai da ta rufe baki.

Na ce, "Madalla. Je ki mare shi."

Ta ce, "Malam, Yayana ne."

Na ce, "A gida yake yayanki. Nan aji ne."

Ta taka a hankali ta tsallaka hanyar nan da na raba da hannuna, ta tsaya a gabansa. Ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ta yi ɗage ta ɗan shafi kuncinsa da yatsu. Na ce, "Au, wasa za ki yi min? Zo in nuna miki yadda ake yi." Na ɗaga hannu. Kafin ta motsa sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, ya ce mata, "Yi kawai. Yi da ƙarfi." Ya sunkuyo mata da kansa don hannunta ya kai.

Ta mare shi. Ƙarar ta cika ajin da ba shi da rufi. Shi bai yi kuka ba, ko ƙifta ido bai yi ba. Ita ce ta fasa kuka, ta riƙe hannun nata da ɗayan kamar ta taɓa wuta. Ni kuwa na juya na goge allo na ci gaba da darasi, ina jin na yi aikin malanta. Da aka fita tara ban ga ya dawo ba.

Laraba bai zo ba, Alhamis bai zo ba. Ƙanwar tana zuwa ita kaɗai, ta zauna can ƙarshen layin mata. Ranar Alhamis na nuna ta ta karanta wata kalma mai sauƙi, ta dube ni ido cikin ido ta faɗi wani abu daban. Na sake ba ta wata, ta sake faɗuwa. Ta tsaya a tsaye, wata yarinya ta zo ta mare ta. Sai a lokacin wani abu ya soke ni a ƙirji. Da gangan take yi. Ta gwammace a mare ta da a sake sa ta ta mari wani.

Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin mutane, ya ce duk wannan shari'ar da muke murna da ita ba a kan ɓarawo da mashayi kaɗai ta tsaya ba, wanda ya zalunci na ƙasa da shi ko da ɗan yaro ne sai ya biya, in ba a nan ba to a can. Ina zaune a sahu ina jin kamar da ni yake. Ana idar da salla na ɗauki kekena na nufi gidansu.

Uban ya tarbe ni a zaure, dattijo mai fara'a, ya shimfiɗa min tabarma. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya kaka. Da na kawo maganar, sai ya ɗauko carbi yana murzawa. Ya ce, "Malam, duka ba baƙonmu ba ne. Da kai ka dake shi, ko jini ka fitar masa, da ni zan ƙara masa wani in ya dawo. Amma ƙanwa? A gidan nan ko a kwano ɗaya ba ta sa hannu sai ya fara. Yanzu yaran unguwa in ya wuce sai su ce masa share baki, wanda ƙanwa ta mara. Na yi faɗan, na yi lallashin, ya ce sai dai in yanka shi." Ya ce ƙanensa, wato baffan yaron, zai tafi cirani kudu in an gama shigar da amfanin gona, kuma yaron ya roƙa a tafi da shi. Ya ce, "In ka iya shawo kansa kafin nan, ga ka ga shi. Ni dai burina a ce gidan nan akwai namijin da zai karanta mana takarda."

Na same shi a gona shi kaɗai yana ɗaure dawa dami-dami. Da ya gan ni ya saki igiya ya durƙusa ya gaishe ni, kamar ban taɓa yi masa komai ba. Wannan durƙuson ya fi min zagi ciwo. Na ce ya tashi mu zauna a inuwa. Na tambaye shi, me ya faru ranar nan, kai da kake karantawa?

Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke kafin ya ce, "Malam, su huɗun nan ne. Ba sa tsayawa waje ɗaya." Ya zana su a ƙasa, b da d da ɓ da ɗ, duk a karkace. Ya ce, "Duk sanda ce da tulu a jiki. In na kalla sai in ga tulun nan, in na ƙifta sai in gan shi can. Sauran ma suna yi min haka, amma waɗannan sun fi."

Na ce, "To da yaya kake yi?"

Ya ce ƙanwarsa ce ta samo musu dabara. Ta ce masa ya ɗauka mata ne suna tafiya, duk sun fuskanci inda rubutu ke tafiya. Wadda tulun ke gabanta mai ciki ce, ita ce b. Wadda tulun ke bayanta mai goyo ce, ita ce d. Masu lanƙwasa a sama kuma su ɗin ne dai, ɗankwali suka ɗaura. Kullum da yamma a bayan rumbu take zana masa su a ƙasa, manya-manya, yana bi da yatsa. Ya ce a ƙasa yana gane su, a allo ne in an ƙura masa ido suke rikice masa. Shi ya sa a aji in ya tsaya, sai ta ɗan taɓa masa baya in mai goyo ce, ko gwiwa in mai ciki ce. Ba ta taɓa faɗa masa kalma ba, shi yake haɗa abinsa. Ya ce, "Na kusa dainawa da taɓawar ma, Malam. Ta ce in an yi sallah zan iya ni kaɗai."

Sai hoton ya dawo min. Yarinya a ɓangaren mata tana bubbuga bayanta, tana taɓa kanta. Mai goyo, mai ɗankwali. Ɗaki take faɗa masa daga nesa da iyakar abin da take da shi, ni kuma na ce mata ƙwarƙwata. 'Yar shekara tara ta gano ciwon yaron ta kuma samo maganinsa, ni mai takardar shaidar malanta shekara guda yana gabana ban ma san yana ciwo ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na share ƙasa da tafin hannu na rubuta dawa, babba. Ya bi harafin farko da yatsa, leɓensa na motsi, ya ce, "Mai goyo. Da... dawa." Na rubuta ɗaki, ya karanta. Na rubuta baki, ya karanta, ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. Na ce masa, "Ka gani? Ka iya! Ka dawo ranar Litinin, ni zan zauna da kai kullum bayan an tashi. Duk wanda ya sake tsokanarka sai na yi maganinsa." Ya girgiza kai. Na ce, "To ga kuncina, ka rama. Wallahi da gaske nake, ka rama, shari'a ma ta ba ka."

Ya dube ni, karo na farko, ya ce, "Ai ba kai ka mare ni ba, Malam."

Na koma gonar nan sau uku. Duk zuwa zai durƙusa ya gaishe ni, ya saurare ni har in gama, ya ce to. Ranar Litinin kuma in yi ta kallon ƙofa. Da aka gama shigar da dawa ya bi ƙanen babansa. Ƙanwar ta gama aji shida a hannun wasu malaman, suna ce mata mai matsakaicin ƙoƙari, ba a sake jin ta ɗaga hannu a aji ba. Ni kuwa daga wannan makon na daina sa yaro ya mari yaro, na daina yarda da ihu a matsayin karatu. Na riƙa ware masu tuntuɓe in fita da su gindin bishiya mu yi rubutu a ƙasa da yatsa. Mai ciki da mai goyo na koya wa yara ba adadi, har wasu malamai suna cewa dabarar Malam wane ce. Ban taɓa samun ƙarfin halin faɗa musu ta wace ce ba.

Shekaru suka ja, aka yi ta yawo da ni daga wannan makaranta zuwa waccan, har na zama hedimasta a wata makaranta a wajen Masanawa, ƙasar Kabo. Wata rana lokacin ɗaukar sababbin yara, wani dogon mutum mai gemu ya yi sallama a ƙofar ofishina, yana riƙe da hannun yara biyu, namiji da mace. Ya cire takalmi ya durƙusa. Daga durƙuson na gane shi.

Muka gaisa. Ya ce ya daɗe da dawowa, a nan ya yi aure, yana gini da rani yana noma da damina. Na tambayi ƙanwar. Ya ce tana aure a wajen Kara, 'ya'yanta huɗu. Ya ce, "Duk sallah tana zuwa gaishe ni. Sai dai har yau ba ta kallon fuskata, Malam. Bara ma sai da ta sake cewa in yafe mata. Na ce me kika yi min? Ta kama kuka."

Na cike takardun yaran na tura masa wurin sa hannu, na miƙa masa biro. Ya dubi biron, ya dubi takardar, sannan ya miƙa babban yatsansa wajen tawada ya dangwala. Na kawar da kai. Na ce masa, "Don Allah ka yafe min." Ya ce, "Haba Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya wuce."

Ya miƙe zai fita, sai ya dawo ya dafa kan yaron namijin, ya rage murya don kada yaran su ji. Ya ce, "Malam, wannan irina ne, na lura da shi. Ita kuma macen irin gwaggonta ce. Abu ɗaya nake roƙo. In bai iya ba, ka dake shi da hannunka. Kada ka sa ta."

Sai da ya fita na rufe ƙofa na zauna na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Yaron nan ban bar kowa ya ɗora masa hannu ba, a gindin bishiya ya koyi karatu, da yatsa a ƙasa, ƙanwarsa tana gefensa. Ya iya kuwa, kafin ya gama aji uku. Amma hakan bai mayar wa ubansa komai ba.

Abin da na koya shi ne, yaron da ya tsaya ya yi shiru a gaban allo ba raini yake yi ba, ba kuma daƙiƙi ba ne. Wani abu ne yake gani da kai ba ka gani, kuma in ka zauna ka tambaye shi zai faɗa maka. Tambayar da na yi a gona ranar Juma'a, da na yi ta a aji ranar Talata, da yau mutumin nan da biro zai sa hannu a takardar 'ya'yansa, da kuma ƙanwarsa tana iya kallon fuskarsa.